Wai Zara matar wata, tauraruwa ce?

Ɗan Birni: Salam 'yan uwa, don Allah Zara ɗin nan da ke fitowa bayan magariba tauraruwa ce? Haskenta ya yi yawa wallahi.

Mai Alli: Duniya ce ɗan uwa, ita ce Venus, ta biyu daga rana. Hasken ma ba nata bane, na rana ne gajimarenta yake maidowa shi yasa take ƙyalli haka.

Yar Zinder: Kuma zafinta ya haura digiri 460 fa, har ta fi duniyar Mercury da ke kusa da rana, saboda iskarta mai kauri tana riƙe zafi. Kumbon Tarayyar Sobiyet Venera 13 ya sauka can a 1982, awa biyu da 'yan mintuna ya yi ya daina aiki.

Ɗan Birni: Ikon Allah! To wadda nake gani da asuba fa?

Mai Alli: Ita ce dai, lokaci ne ke canzawa.