Jirgin ƙanina ya bar titi, ana ta cewa sakaci ne

Ɗan Agege: Jama'a, raina a ɓace yake. Ƙanina da ke koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama ya zo sauka, taya na taɓa ƙasa iska ta bugo daga gefe, jirgin ya karkace ya faɗa ciyawa. Ko ƙwarzane bai yi ba, gwiwar wandonsa ce kawai ta yage. Amma tun daga masallaci har majalisar mai shayi ana cewa sakacinsa ne. Ku bar yaron nan, ƙaddara ce!

Baba Makanike: Allah ya tsare gaba, ɗana. Sai dai kada mu laɓe bayan ƙaddara. Irin wannan jirgin, idan yana gudu a ƙasa da ƙafa ake saita shi. Feda biyu ne ke juya allon wutsiya, birki na samansu, kowace tayar gefe da nata. Iskar gefe wutsiya take turawa, sai hanci ya juya ya fuskance ta. Ka makara da ƙafa, ko ka danne birki ɗaya, titi ya ƙwace maka. Ƙaramin jirgin nan Cessna 172 ma, iskar gefen da aka gwada shi da ita kusan kilomita 28 ce a awa. In abin bai zauna ba, ƙara wuta ake yi a sake zagayowa.

Malamin Idi-Araba: Baba, da girmanka, "laɓewa" fa ka ce? Imani da ƙaddara rukuni ne. Ka janye.

Baba Makanike: Malam, ba kai ka karantar da mu a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali ba?

Hajiyar Obalende: Ku da kuke gardama, an tambayi uwar yaron ko ta runtsa?

Bazazzagi: Da Zariya aka kai shi mana. Tun 1964 aka kafa kwalejinmu ta koyon tuƙin jirgin sama.

Bakano: To, an fara. Komai sai kun sako Zariya. Kai ko keke ka iya?

Bazazzagi: Wanda aka ƙwace wa babur a Ikeja ne zai yi mini gorin tuƙi?

Bakano: Ka fara biyan bashin albasar Mile 12 tukuna.

Malamin Idi-Araba: Har yanzu ba a janye kalmar nan ba.

Ɗan Agege: Ni maganar ƙanina na kawo fa.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda iska ce ta yi ɓarna, yaron ba shi da laifi, a gabana ya girma, ba ya wasa da aiki. Baba zai nemi afuwar Malam. Bakano da Bazazzagi ku same ni bayan Isha'i.

Baba Makanike: Alhaji, ni ban ce iska kaɗai ba. A tambayi yaron ina ƙafarsa take lokacin da hancin ya fara juyawa.