Neman shawara: ta yaya za mu karanta littattafan tarihin rayuwa ba tare da zaman ya koma gardama ba?

Maman Ummi, Unguwar Rogo:

Assalamu alaikum iyaye, yayye da ƙanne. Mu takwas ne muke haɗuwa duk Asabar bayan la'asar a nan Jos, muna karanta littattafan da mutane suka ba da labarin rayuwarsu da kansu. Mun fara da My Life na Sardauna. Damuwarmu ita ce zaman ba ya zuwa ko'ina. Wasunmu suna ganin duk abin da ya faɗa yankan wuƙa ne, wasu kuma sun ce ɗan siyasa ba ya ɗaukar alƙalami sai don wanke kansa. Haka za a yi ta ja-in-ja har a kira magariba, a watse ba wanda ya ƙaru da komai. Mutum biyu ma ba sa gama shafukan da aka yanka. Don Allah masana, wace hanya ake bi? Kuma me ya kamata mu ɗauka bayan wannan?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Ɓangarorin nan biyu suna yi wa littafi hukunci ne a dunƙule, alhali littafin rayuwa shaida ce ta mutum ɗaya, kuma ita shaida jimla-jimla ake auna ta. Kowa ya riƙe fensir, ya riƙa sa alama iri uku a gefen shafi. G, inda marubucin yana wurin ya gani da idonsa. J, inda ji ya yi daga wani. R, inda yake faɗin ra'ayinsa, ko yake fassara abin da ke zuciyar wani mutum. Kafin ku gama babi biyu za ku lura cewa kusan duk musunku a kan R yake, ba a kan G ba. Mutum yana iya faɗin gaskiya cewa an yi taro ranar kaza, wane ya tashi ya fita, amma da ya ce hassada ce ta fitar da shi, to ya bar abin da ya gani ya shiga zato.

Na biyu, ku samu farar takarda ɗaya ku ja layi. A sama ku jera shekarun da abubuwa suka faru, a ƙasa ku rubuta shekarar da littafin ya fito da matsayin marubucin a lokacin. My Life ya fito a 1962, Sardauna yana kan kujerar Firimiya, shekara biyu da samun 'yanci, kuma yawancin mutanen da ya ambata suna raye, wasu ma yana aiki da su kullum. Mai rubutu a irin wannan hali dole ya tauna magana kafin ya furta. Haka nan babu zaɓen 1964 a ciki, balle juyin mulkin Janairun 1966 da aka kashe shi a ciki, saboda haka kada ku ɗora wa littafin sanin da ku kuke da shi yau. Ku gwada shi da Beckoned to Serve na Shagari, wanda ya fito a 2001, kusan shekara 18 bayan juyin mulkin ƙarshen 1983, ko littafin Janar Babangida na 2025, fiye da shekara 30 bayan soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. Wanda ya rubuta da wuri yana tuna ƙananan abubuwa amma bakinsa a ɗaure yake. Wanda ya jira ya fi sakin baki, sai dai ya riga ya san yadda aka ƙare, ya kuma ji duk zargin da aka yi masa, don haka sau da yawa amsa yake bayarwa ko da bai ambaci tambayar ba.

Na uku, ku ƙirga shafuka. Ku duba shafi nawa Sardauna ya ba yarintarsa a Rabah da karatunsa a Kwalejin Katsina, nawa kuma ya ba neman sarautar Sarkin Musulmi a 1938 da zargin kuɗin jangali da aka yi masa a Gusau, wanda aka wanke shi bayan ya ɗaukaka ƙara. Sannan ku buɗe littafin da John Paden ya rubuta a kansa a 1986 ku ga yadda wani na waje ya bi da waɗannan wurare. Gajarta magana ba ƙarya ba ce, amma tana nuna inda mutum ba ya son a daɗe.

Anti Mai Laburare:

Ƙanwata, kafin babi na ɗaya akwai shafukan da kowa ke tsallakewa: gabatarwa, godiya, da shafin da aka rubuta maɗaba'a da shekara. Ku ba su zama guda cur. A nan ne za ku san wa ya riƙe alƙalamin, domin ba kowane "ni" ne mai shi ya rubuta da hannunsa ba.

Where I Stand na Sheikh Abubakar Gumi, na 1992, tare da Isma'ila Tsiga aka yi shi. Labarin Baba ta Karo kuwa da baki ta bayar. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, a ƙasar Zazzau tana faɗa ana rubutawa, aka buga da Turanci a 1954, ita kuma ta rasu a 1951, ba ta ga littafin ba. Tana da shekara saba'in da ɗoriya take tuno zamanin kafin Turawa su ci Kano a 1903: harin bayi, aure-aure, goyo, ƙawance, zaman kishiyoyi. To ku tambayi kanku, me tsohuwa za ta tsaya ta yi wa Baturiya bayaninsa dalla-dalla, wanda da jikarta take ba wa labari ba sai ta faɗa ba? Me kuma kunya za ta sa ta haɗiye? Haka Dorugu, yaron da aka kama bawa, ya bi Barth, Baturen nan matafiyi, zuwa Ingila a 1855, ya ba ɗan mishan Schön labarinsa da Hausa, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. Yaro ne a ƙasar baƙi, yana magana da wanda yake ci da shi yake sha da shi. Wannan bai rage darajar labarin ba, amma mai karatu ya san a gaban wa ake maganar.

Shawarata, bayan Sardauna ku ɗauki Baba ta Karo. Ba ta da jam'iyya, ba wanda zai zo zaman da fushinsa a aljihu, kuma za ku koyi aikin fensir ɗin Malam a kan littafin da ba ya tayar da jijiyar wuya. In kuna son na Hausa kai tsaye, ga Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam, labarin tafiyarsa Ingila a 1943. Gajere ne, waɗancan biyun da ke baya ma za su gama shi. Ku dai tuna lokacin yaƙin duniya ne, shi kuma editan Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, jaridar da gwamnatin Turawa ta kafa a 1939.

Baffa na Bauchi Road:

'Yata, in kun kai kan littattafan yaƙin basasa, kada ku karanta ɗaya shi kaɗai. My Command na Obasanjo da littafin Alexander Madiebo, kwamandan sojan Biyafara, duk a 1980 suka fito. Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a rundunar da Obasanjo ya karɓa daga hannun Adekunle a 1969, ya fitar da nasa a 2013 yana musanta abubuwa da dama da ke littafin Obasanjo. Ku zaɓi aukuwa ɗaya tak, ku raba kanku gida biyu, kowane gida ya karanto ta daga littafi ɗaya. Inda abokan gaba suka haɗu a kan magana, ku riƙe ta da ƙarfi. Inda suka saɓa a kan rana ko wuri, jaridun lokacin ne alƙali, kuma irin waɗannan tsofaffin takardu Kaduna ake nemansu, a Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa.

Malamar Adabi:

Yaya Maman Ummi, duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ina jin tsoron kada ku mayar da zaman kotu. In aka ƙare a kan "ya yi gaskiya ko bai yi ba", an bar rabin amfanin littafin a ƙasa. Ana karanta rayuwar wani ne don a ga yadda mutum yake yanke shawara alhali bai san gobe ba.

Tsakanin la'asar da magariba kuna da kamar awa ɗaya da rabi. Ga yadda zai ishe ku. Minti goma na farko mutum ɗaya ya taƙaita abin da aka karanta, ba sharhi, ba yabo, ba suka. Sannan kowa ya karanto sakin layi ɗaya da ya tsaya masa a rai, da babbar murya, ya faɗi lambar shafi. Minti uku-uku, ku takwas, minti ashirin da huɗu ke nan. Dokar ita ce ba a magana sai da shafi. Wanda ya ce "ai an san halinsa" sai a tambaye shi a wane shafi, domin yawancin musun irin wannan zama ba daga littafin yake fitowa ba, daga abin da kowa ya taso yana ji a gidansu ne. Rabin awa na gaba na alamomin fensir ne. Ragowar lokacin ku ba tambaya ɗaya: a wannan mararrabar, me ya sani, me bai sani ba, wace hanya ce kuma a buɗe gare shi bai bi ba? Kowa ya rubuta amsarsa layi biyar a littafinsa kafin a buɗe baki. In ba a rubuta ba, duk wanda ya fara magana shi sauran za su bi, musamman in shi ne babba.

Masu kasa gamawa kuma, a duba yawan abin da ake yanka musu. Shafi talatin zuwa arba'in a mako ya isa, wato biyar ko shida a rana. Littafi mai shafi 250 zai ɗauke ku mako bakwai ko takwas, ba laifi. A yanka a ƙarshen babi, kada a tsakiya. In Turancin ne ya yi nauyi, a haɗa su da wani su karanta tare a tsakiyar mako, kada a tsare su da tambaya a gaban jama'a, don daga nan sai ƙafa ta ɗauke.

Maman Ummi:

Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Saura ɗaya. Wata a cikinmu ta ce tunda muna karanta rayuwar wasu, mu ma mu riƙa ba da namu, har da abin da kowa ya gani a rikicin Jos na 2001. Ya dace?

Malamar Adabi:

Ya dace, Yaya, amma ba yanzu ba, kuma ba a zaman karatu ba. Ku gama littafi biyu tukuna, ku saba da sauraron juna. In za a yi, a ware masa rana dabam, a fara da abin da ba ya ciwo: makarantar allo, ranar farko a aji ɗaya, sanyin Jos na da, kakar da ta yi goyo. Ba a tilasta wa kowa, ba a ɗaukar murya a waya sai mai labarin ta yarda, abin da aka faɗa a ɗakin kuma ba ya fita. Fensir ɗin G da J da R na littafi ne. Wadda ke zaune a gabanki tana faɗin yadda ta rasa ɗan'uwanta ba a katse ta da gyaran kwanan wata, ba a kuma ce mata "ai mu namu ya fi". In murya ta fara rawa a dakata, a ba ta ruwa, ita za ta ce a ci gaba ko a bari.

Malamin Tarihi:

Na goyi bayan Malama. Ƙari ɗaya, Maman Ummi: in daga baya wata ta so a rubuta nata don 'ya'yanta, a sa ranar da aka ba da labarin, da sunan wadda ta rubuta, da shekarun mai labarin lokacin da abin ya faru. A karanta mata abin da aka rubuta ta gyara da bakinta kafin kowa ya gani, sunayen maƙwabta da ke raye kuma a cire su sai in sun yarda.