Abin da muka tsinta a wajen kociyoyin ƙwallon jami'a a Amurka

Ɗalibi a Tuscaloosa:
Salamu alaikum ƴan uwa mazauna Amurka. Ina so mu ɗan taɓa hira kan ƙwallon jami'o'in nan, wadda ake rungumewa a hannu ana ture-ture, don duk wanda ya zauna garin jami'a ya san ranar Asabar ba a wata magana sai ita. Filinmu na Bryant-Denny yana cin mutum wajen dubu 100, kusan yawan mutanen garin kenan gaba ɗaya. Koci Nick Saban ya riƙe ƙungiyar jami'armu ta Alabama daga 2007 har ya ajiye a Janairun 2024, kofin ƙasa 6 ya ci a nan, ga ɗaya da ya ci a jami'ar LSU ta Louisiana a 2003. Abin da yake nanata wa yaransa shi ne su daina kallon allon maki, kowane taɓi na wasan ƴan daƙiƙoƙi ne kawai, kai dai ka yi aikinka na wannan taɓin daidai, sannan na gaba. Ni da shi nake rubuta binciken digirina yanzu, na daina lissafin ranar gamawa don tana tsinka min zuciya, da na idar da asuba sai in ce yau wannan teburin alƙaluman kaɗai ne a gabana, kuma wallahi aikin yana tafiya. Wa kuma ya tsinci wani abu a wajen mutanen nan?

Maman Biyu, Columbus:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya ba da sa'a. Ni ban iya dokokin wasan ba har yau, yarona ne ke bugawa a sakandare, kocinsu ya aro dokar awa 24 ɗin nan ta Saban, wato ko an ci ku ko kun ci, kwana ɗaya aka ba ku na murna ko na baƙin ciki, daga nan an rufe maganar. Na shigo da ita gida. Lokacin da sakamakon jarrabawar nas ya fito ban haye ba na shige ɗaki na yi kukana son raina, na kashe waya, ko tukunya ban ɗora ba, washegari daidai wannan lokacin na ɗauko littattafan na baza su a teburin kicin. A zama na gaba Allah ya yi. Amma fa ɓangaren murnar ya fi wuya, mu ai in abin alheri ya samu sai a yi wata guda ana kira daga gida ana barka, kai kuma kana jin ka iso. Shi Saban a 2017 har gubar ɓera ya kira yabon da ƴan jarida ke yi wa yaransa.

Direba, Michigan:
Hajiya ki yi haƙuri zan taɓo garinku, a 1998 Saban yana Michigan State ya je har Columbus ya doke Ohio State 28 da 24 alhali su ne na ɗaya a ƙasar. Ni abin da na ɗauka shi ne kallon bidiyo. Bayan kowane wasa sai su zauna a mayar musu da abin da suka yi, taɓi bayan taɓi, a tsayar a ce ga inda ƙafarka ta kauce. Ina tuƙa Uber, duk Lahadi da yamma nake buɗe lissafin satin, awa nawa, mai na nawa, ina na tsaya. A nan na gano zaman layin filin jirgi da nake ganin shi ne harka ashe shi ke cinye min yini, gara ƙananan tafiye-tafiyen safe na masu zuwa aiki.

Kawu, Atlanta:
Duk na ji ku kuma ban musa ba, amma bari dattijo ya sa baki. Saban ɗin nan lokacin yana koci miliyoyin daloli ake biyansa, yaron da bai yi ba yana iya zaunar da shi ya ɗauko wani, kai ɗanka fa, wa za ka ɗauko a madadinsa? Na ga wani bawan Allah a nan da ya mayar da gidansa sansanin horo, tsawa safe da yamma, komai da agogo, yaran suna cin jarrabawa kam amma babu mai iya zama ya gaya masa damuwarsa. Ku tuna koci Woody Hayes, shekara 28 yana riƙe da Ohio State, a 1978 ya naushi ɗan wasan Clemson ana tsakiyar wasa a gaban kyamara, washegari aka sallame shi. Tsarin nasu ku ɗauka, zafin kan ku bar musu a fili.

Ɗalibi a Tuscaloosa:
Gaskiya ne Kawu, Allah ya ƙara girma.

Ƴar Houston:
Ni ba koci ne ya taɓa ni ba, yaron Saban ne a Alabama, Jalen Hurts, ɗan nan yankinmu. Wasa 26 ya ci a 28 da ya fara, amma a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Janairun 2018 Georgia na gaba 13 da nema, hutun rabin lokaci Saban ya zaunar da shi ya sa Tua Tagovailoa, Alabama suka ci 26 da 23, duniya na kallonsa a benci yana taya wanda ya karɓe masa wuri murna. Bai tafi ba, ya zauna shekara guda a matsayin na biyu yana atisaye kamar shi zai fara, sai ga Disamba Tua ya ji rauni a wasa da Georgia ɗin dai, Hurts ya shiga ya juya wasan suka ci 35 da 28. Daga baya ne ya koma Oklahoma, a 2025 kuma ya ci Super Bowl, kofin ƙwararru na wasan, yana buga wa Philadelphia. A wajen aikinmu an ba wata da ni na koya mata aiki shugabancin sashe, raina ya ɓaci sosai har na rubuta takardar ajiye aiki, mijina ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan da daddare. Ban miƙa takardar ba. Ina nan ina aikina, na yi rajistar kwas ɗin da aka ce shi ne ba ni da shi, ranar Talata da Alhamis da yamma nake zuwa aji, ku sa ni a addu'a.