Shin bujin mota zai yi aiki a injin ƙaramin jirgin da muke haɗawa?

Makanikin Zango:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni makanikin mota ne a unguwar Zango, nan Damagaram, kuma shekara uku ke nan ni da ƙanena muna haɗa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu a bayan garejinmu, muna bin zanen da muka saya daga waje. Injin da Allah ya hore mana tsohon Lycoming O-320 ne, mai silinda huɗu da buji takwas, biyu a kan kowace silinda, kuma maganeto biyu, wato na'urorin da ke samar da wuta daga juyin injin, su ne suke ba su wuta. Da muka bincika sai muka tarar maganeto ɗaya ya gama aiki, bujin ma yawancinsu bakinsu ya cinye. Bujin jirgi ba a samunsa a kasuwarmu, sai an yi odarsa daga Turai, kuma kuɗin guda ɗaya ya kai na bujin mota kusan goma.

Na karanta cewa masu haɗa jirgi da hannu a Amurka da Faransa suna cire maganeto su sa na'urar kunna wuta ta lantarki, sannan su yi amfani da bujin mota. Abin ya ɗaure mini kai, domin ramin bujin wannan inji ya fi na mota faɗi, kuma rai ne za a ɗora a kai, ba kaya ba. Ina roƙon wanda ya san aikin ya faɗa mini gaskiya: hanya ce mai tushe, ko kuwa ganganci ne da sunan rage kuɗi?

Tsohon Injiniya na Birni:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kyauta da ka tambaya kafin ka ɗaura. Na yi shekaru ina gyaran ƙananan jirage kafin in ajiye aiki, kuma amsata ita ce hanyar tana da tushe, amma da sharaɗin cewa ba za ka raba buji da na'urar da ke ba shi wuta ba. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya, wanda ya cika ƙananan jirage a duniya, da buji irin na mota da babur ya fito daga masana'anta, haka ma Jabiru na Ostireliya, domin tun farko an tsara su a kan haka. Naka injin an tsara shi ne a kan maganeto, wanda wutarsa ba ta da ƙarfi sosai idan injin yana juyawa a hankali, shi ya sa ake matse bakin bujin jirgi zuwa milimita 0.4 ko 0.5. Na'urar lantarki kuwa tana iya tsallakar da tartsatsi a tazarar milimita 0.8 ko fiye, kuma nan ne amfaninta yake. Saboda haka jerin bujin da ka bar wa maganeto ka bar masa bujin jirgi da wayoyinsa masu sulke, jerin lantarki kaɗai za ka sa wa na mota.

Game da faɗin rami, ramin Lycoming milimita 18 ne, bujin mota da ake amfani da shi kuma 14, don haka ana ɗaura wani zoben ƙarfe mai haƙoran murɗi ciki da waje a tsakaninsu. Na san kai makaniki ne, kuma na san akwai masu injin sassaƙar ƙarfe a garin nan da za su ce za su yi maka irinsa cikin yini ɗaya, amma ina roƙonka kada ka yarda. Ta wannan zobe ne zafin buji yake bi ya shiga kan silinda, kuma tsawonsa ne yake tsayar da bakin buji daidai inda ya kamata. Idan ya gaza, bakin zai buya cikin rami wuta ta yi rauni. Idan ya wuce, haƙoran da suka leƙa cikin silinda za su yi ja da zafi su kunna mai kafin lokacinsa, abin da yake iya huda fistan cikin ɗan lokaci kaɗan. Ramukan Lycoming iri biyu ne, gajere da dogo, don haka ka auna naka da hannunka, ka sayi zoben daga wanda ya ƙera na'urar, ka kuma bi ƙarfin ɗaurin da ya rubuta da sifanar da ke aunawa, domin kamfanonin ma sun bambanta a kan yadda ake ɗaura shi.

Sai kuma lambar zafi, wato lambar da ke nuna saurin da buji yake zubar da zafi, inda na ga mutane da yawa suna yin kuskure. Injin jirgi yana yin sa'o'i yana ba da kashi 65 zuwa 75 cikin ɗari na ƙarfinsa, kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, abin da mota ba ta yi ko a hanyar Tanut. Yana bukatar buji mai saurin zubar da zafi. Wanda aka fi sani a wannan aiki shi ne NGK BR8ES: harafin B yana nufin faɗin milimita 14, R yana nufin akwai abin rage hayaniyar wuta a cikinsa, E kuma tsawon milimita 19. A wajen NGK da Denso, yawan lamba yana nufin ƙarin sanyi, a wajen Bosch da Champion kuwa akasin haka ne, don haka lamba 8 ta wannan ba lamba 8 ta wancan ba ce.

Malamin Lantarki:

Baba ya gama magana a kan buji, ni kuma ina so in ja hankalin Malam zuwa ga abin da yake bayansa. Maganeto yana samar da wutarsa da kansa muddin injin yana juyawa, ko da batiri ya mutu, kuma wannan ne dalilin da ya sa har yau ba a rabu da shi ba. Na'urar lantarki irin Plasma ta kamfanin Light Speed tana dogara ne da wutar jirgin, wanda ke nufin idan dinamo ya tsaya batiri ya ƙare, ita ma ta tsaya. Irin da ake kira P-MAG tana da ƙaramin dinamo a cikinta da ke riƙe ta idan injin ya wuce juyi kamar 900 a minti. Tunda maganeto ɗaya naka yana da rai, shawarata ita ce ka gyara shi da kyau ka bar shi, ka sauya ɗayan kawai. Wanda ya cire duka biyun ya sa irin mai dogara da wutar jirgin dole ne ya tanadi batiri na biyu mai hanyarsa daban.

Abin da ya fi damuna shi ne zafin garinmu. Maganeto a wannan inji yana kunna wuta a wuri ɗaya kullum, digiri 25 na juyin injin kafin fistan ya kai ƙololuwa. Na'urar lantarki tana duba juyin injin da matsin iskar da yake sha, sai ta gaggauta wutar zuwa digiri 30 da wani abu idan an rage ƙarfi ko an yi sama. Hakan yana rage shan mai, amma yana ƙara zafin kan silinda. Filin jirginmu yana kan tsayin mita 460 da ɗoriya, amma a ranar Afrilu da zafi ya kai digiri 42, iskar tana yin sirara kamar ta wurin da ke kusa da mita 1500, kuma da wannan iska mai zafi injin zai sanyaya kansa lokacin tashi. Iyakar zafin da Lycoming ya sa wa kan silinda digiri 260 ce, masu kula kuma suna ƙoƙarin kada su wuce 200. Ka sa ma'aunin zafi a kan kowace silinda, ba ɗaya kawai ba, ka kuma fara da saiti mafi sassauci.

Wani ƙaramin abu kuma: bujin mota ba shi da sulke, don haka ka tabbata mai harafin R ne da wayoyin da suka dace, in ba haka ba rediyonka zai cika da ƙara har ka kasa jin hasumiya. Ka nemi wanda kansa na sama a haɗe yake, domin mai ɗan noti yana kwancewa da jijjiga.

Mai Kayan Gyara:

Ni sana'ata sayar da kayan gyaran mota da babura ce, kuma gaskiya ta tilasta mini in faɗa wa Malam cewa jabun buji ya yi yawa a kasuwa, kwali da rubutu duk iri ɗaya da na asali. Ni kaina an taɓa kawo mini katan guda, ban gane ba sai da masu babura suka fara dawo da shi bakinsa ya narke. A kan babur sai mutum ya sauka ya tura. Idan za ka yi odar na'urar da zobba, ka haɗa da bujin daga hannu ɗaya, jeri uku ko huɗu, tunda ba su da tsada.

Makanikin Zango:

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malam da Alhaji. Na fahimci cewa za mu bar maganeto ɗaya da bujin jirgi huɗu, mu sa na'ura da bujin mota huɗu a ɗaya jerin. Saura tambaya ɗaya, Baba: yaushe ake sauya su, kuma yaya zan gane sun dace da injin kafin jirgin ya bar ƙasa?

Tsohon Injiniya na Birni:

Yawancin masu amfani da su suna zubar da su bayan sa'a 100 ko shekara guda, ba sa tsayawa wanke su. Idan man jirgi 100LL kake sha, akwai darma a cikinsa wadda take taruwa a bakin buji, musamman na ƙasan silinda, don haka ka riƙa cirewa kana dubawa tun kafin wannan lokaci. Ka ɗaure jirgin a ƙasa da sanyin safiya, ka tayar, ka gwada kowane jeri shi kaɗai. Kada ka firgita idan juyi ya fi raguwa a kan maganeto fiye da kan na'urar, domin haka yake faruwa idan an haɗa iri biyu. Abin tsoro shi ne injin ya yi gargada ko silinda ɗaya ta huce. Bayan ka kashe ya huce, ka cire bujin ka duba farin tangaran ɗin: ruwan ƙasa mai haske alama ce mai kyau, fari fat mai ƙuraje kuwa yana nufin zafi ya yi yawa, ka dakata. Duk abin da ka sauya ka rubuta shi a littafin injin, ka kuma kai wa hukumar kula da sufurin jiragen sama, ANAC, a Yamai bayaninsa kafin ka yi tunanin tashi. Ranar da kayan suka iso ka aiko ƙanenka ya ɗauke ni, ina so in ga zobban da idona kafin a ɗaura su.