"Inuwar giginya, na nesa ka sha ki": zagi ne ko yabo?

Ɗan Kamba: Salamu alaikum. Jiya kawuna ya jefe ni da wannan karin magana, don na kai wa abokina irin gero kafin in kai gida. Na san zagi ne: mutumin da alherinsa ke tsallake 'yan uwa ya sauka kan bare. Amma yau da hantsi ina gonarmu, hanyar Dole Kaina, na tsaya gindin giginya na duba. Inuwar ta tafi can nesa, geron da ke gindinta kuwa rana yake sha, ya yi tsawo daidai da sauran. Sai na ce to, abin da ake zagin giginya da shi, ba shi ya sa manomi ke barin ta cikin gona ba?

Auwalu Sabon Shiga: Ni tun farko "ka sha" ɗin ke ruɗa ni. Wa ake ce wa ya sha?

Malamin Hausa, Argungu: Auwalu, ba umarni ba ne. Hausarmu ce ta yamma. Inda Bakano zai ce "na nesa ke shan ki", Bakabe ko Basakkwace sai ya ce "na nesa ka sha". Kai kuma Ɗan Kamba, karin magana ba littafin aikin gona ba ne. Mutum ake nufi, kuma zagi ne. Kawunka bai yi kuskure ba.

Baban Hafsat: Allah shi gafarta Malam, ban musa ma ba. Amma ɗan nan ya taɓo wani abu. Shekara arba'in ina noma, ban taɓa sare giginya don ta hana hatsi ba. Wadda ka hana hatsi ɗorawa ce da kaɗanya, inuwarsu ta yi duhu, dawa sai ta fito siririya ƙarƙashinsu. Ko su ɗin ma ba mu sarewa, kalwa da man kaɗe sun biya kuɗin inuwa.

Sarkin itatuwan gona duka gawo ne. Da ruwa ya sauka sai ya kakkaɓe ganyensa tsaf, ka ce ya mutu. Ganyen ya ruɓe a ƙasa, rana ta samu gero. Rani na shigowa ya yi kore shar, shanu su taru ƙarƙashi suna tsintar 'ya'yansa, su bar maka kashi da fitsari nan inda za ka shuka. Ku je ku ga zangarniyar gindin gawo ku gwada da ta tsakiyar fili. Malaman gona sun ce saiwarsa na tara wa ƙasa sinadarin da muke saye a buhun yuriya.

Inna Mai Muruci: Baba, ku maza inuwa kawai kuke lissafi. Wa ke tsintar 'ya'yan giginya ya binne, bayan wata shida ko bakwai ya tone muruci ya dafa ya kai kasuwa? Azarar ɗakinku da gara ba ta ci, daga ina? Na kusa ma yana sha, ba inuwa ba ce dai. Kuma mai hankali ba ya zama gindinta lokacin nuna, ɗa guda ya faɗo maka a ka sai asibiti.

Malamin Hausa, Argungu: Inna, wannan na karɓa.

Ɗan Arewa (Kangiwa): Mu nan arewa matsalarmu iska ce. Farkon damina guguwa ta taso da rairayi ta binne shuka, wani sai ya yi shuka sau uku. Layin itace yana kare ƙasa har wajen ninki goma na tsawonsa ta bayan iska. Wato in itacena na bakin iyaka ne, gonar maƙwabcina ke morewa. Ga na nesa ka sha a zahiri. Abin da ke sa wasu cewa don me zan wahala ke nan.

Maƙwabtanmu na Maradi ba su tsaya wannan lissafi ba. Tun wajen 1983 suka kama sassaben zamani: ba dashe, kututturen sabara ko kalgo da ya toho za ka zaɓi reshe biyu uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Ana ƙiyasin hekta miliyan 5 suka farfaɗo a Nijar ta haka. Mu kuwa Kebbi na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wato dashen itace don tare hamada, ana raba dashe, amma dashen da ba a killace ba abincin awaki ne kafin watan Maris.

Auwalu Sabon Shiga: To ai ni gonar aro nake nomawa. In na bar itace, mai gona zai ce ina neman mallake masa wuri.

Baban Hafsat: Ɗana, kai ba dasawa za ka yi ba, tohon da Allah ya fitar za ka bari. Amma ka faɗa mai tukuna, gaban shaidu. Ni giginyoyin da nike ci yanzu kakana ya binne su, bai ga 'ya'yansu ba.

Ɗan Kamba: Baba, in kai wa kawu wannan bayani?

Baban Hafsat: Kai mashi irin geronsa dai tukuna.