Shin ya dace a ce wa mai makoki "komai nisan dare, gari zai waye"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Saɓani ya shiga tsakanin yayyena biyu a kan wannan karin magana. Babbar ce ta faɗa wa ƙaramar, wadda ɗanta ya rasu, ita kuwa ta amsa cikin kuka cewa wayewar gari ba za ta dawo mata da yaronta ba. Tun ranar ba sa magana sosai.

Malamin makaranta: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mai ceto ne. A ganina maganar daidai take, lokacin faɗinta ne bai yi ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma a cikin wannan halin ne ya gargaɗi 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 84 da ta 87 cikin Suratu Yusuf.

Ma'abociyar karatu: Malam, ai Yusuf ya dawo, wanda aka binne kuwa ba ya dawowa. Abin da ke damuna da yawancin ƙagaggun labarai ke nan: marubuci zai kashe miji a babin farko, sannan a babin ƙarshe ya kawo wa matar wani wanda ya fi shi dukiya, kamar dai ana maye gurbin mutum da mutum.

Jikan Kaka: 'Yar'uwa, kin tuna mini da kakata. Ɗanta na fari ya rasu yana goye, kuma har tsufanta rigarsa tana ƙasan akwatinta. Takan fito da ita idan gida ya yi tsit, ta shimfiɗa a cinya, ta daɗe tana gyara wuyan rigar da yatsa, sannan ta ninke ta mayar. Duk da haka ita ce ta ɗauki marayun ƙanwarta ta raine su, ta aurar da su, kuma babu wanda ya kai ta dariya a gidan. Da na tambaye ta ko garin ya waye mata, sai ta ce ita dai ta koyi tafiya a cikin duhun.

Wani ɗan'uwa: Allah Ya jiƙan Kaka. Ni abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda wasu 'yan siyasa ke zuwa ta'aziyyar mutanen da sakacinsu ya kashe, su karanta wannan karin magana a gaban 'yan jarida, su tafi.

Malamin makaranta: Wannan haka yake. Sai dai ni ina ganin rainon marayun nan shi ne wayewar garin, ko da Kaka ba ta kira shi haka ba.

Mai tambaya: To Malam, idan haka ne, wace ce a cikin yayyen nawa ya kamata ta fara neman 'yar'uwarta?