Wai Shekisfiya maroƙin fada ne?

Ɗan Ƙofar Mata: Jama'a barkanmu da dare. Yau raina a ɓace yake. An ba mu jinga a kan ƙarshen wasan Makbes na Shekisfiya, marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, na kwana uku ina rubutu, shafi huɗu cif. Malamin ya dawo mini da takarda ya zagaye layi ɗaya da jan biro, ya ba ni 4 cikin 20. Laifina kawai na ce Shekisfiya maroƙin fada ne. To ƙarya na yi? Ku dubi yadda wasan ya ƙare. Makdof, abokin gabar Makbes, ya shigo riƙe da kansa da ya sare, aka yi wa Malkom ɗan Sarki Dunkan da Makbes ya kashe mubaya'a, aka gayyaci jama'a naɗi. Wato duk wanda ya taɓa sarki, ga makomarsa. Wa ake yi wa wannan? Sarki Jemis na Sikotland. Ya gaji sarautar Ingila a Maris ɗin 1603, kafin ƙarshen Mayu ya ɗauki ƙungiyar su Shekisfiya ta koma Mutanen Sarki. A 1605 aka so a tashi majalisa da albarushi da shi a ciki, ba a daɗe ba sai ga wasa a kan mai kashe sarki. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Jikan Sarkin Taushi: Ka janye kalmar maroƙi tukuna, sannan mu yi magana.

Ɗan Ƙofar Mata: Ban da kai a ciki, Yaya. Bature nake nufi.

Jikan Sarkin Taushi: Da ni a ciki. Kakana shekara arba'in yana kiɗa a fada, bai taɓa tsayawa ƙofar wani yana miƙa hannu ba. Makaɗin fada daban, maroƙi daban, ɗan ma'abba daban. Ku yaran yanzu kun haɗa su duka a kwano ɗaya. In Shekisfiyan naka yana da ubangida guda, kuma shi yake tsara abinsa da kansa, to makaɗin fada ne. Wannan daraja ce, ba zagi ba.

Anti Zulai: Ni ma abin da na gani ke nan. Kalmar ta yi nauyi.

Bazazzage: Ba wani nauyi. Wanda ya yi yabo aka ba shi riga ai ya yi roƙo, ko da molon zinariya ya yi. Kuma riga aka ba su da gaske. A 1604, da sarkin zai yi hawa ya ratsa Landan, an raba wa Shekisfiya da abokan aikinsa jan yadi su yi ankon fada. Jan kaya fa, kamar dogarai.

Jikan Sarkin Taushi: To dogari maroƙi ne?

Bazazzage: Ban ce ba.

Jikan Sarkin Taushi: Ka ce. Duk wanda aka ba riga.

Malam Mai Alli: Ku dakata. Yaron yana da magana, bai iya kafa ta ba ne kawai. Hujjarsa mafi ƙarfi ba a ƙarshen wasan take ba, tana wajen Banko, abokin yaƙin Makbes. A littafin tarihin Holinshed, inda Shekisfiya ya ɗebo labarin, da Banko aka ƙulla kisan Sarki Dunkan. A wasan kuwa an wanke shi tas. Me ya sa? Gidan sarautar su Jemis suna cewa daga Banko suka fito. Har akwai wurin da mayu suka nuna wa Makbes jerin sarakuna takwas, na ƙarshe riƙe da madubi, duk zuriyar Banko. Su ma mayun ba a banza suka shigo ba. Jemis ya wallafa littafi a kan maita a 1597, kuma da kansa ya zauna tuhumar waɗanda aka zarga da tayar wa jirginsa guguwa a teku. Makbes na tarihi kuma shekara 17 ya yi yana mulkin Sikotland, daga 1040 zuwa 1057, har ziyara ya kai Rum a 1050. A fagen yaƙi Dunkan ya mutu, ba a kan gado yana barci ba.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah ya saka da alheri, Malam! Kun gani ko?

Malam Mai Alli: Ban gama ba. Ƙarshen da kake kafa hujja da shi, shi ne ya kayar da kai. Wa aka naɗa? Malkom. Ɗan Banko tun da ya tsere wa makasa a tsakiyar wasa ba a sake ganinsa ba. Da roƙo tsantsa ne, ai da shi za a rufe. Sannan ba wata takarda da ta nuna an yi wasan nan a gaban Jemis. Shaida mafi tsufa ta wani mai duba ce, Simon Forman, da ya kalla a gidan wasa na Globe a 1611, cikin 'yan kallo masu biyan kuɗin ƙofa.

Bazazzage: Mai duba kuma? Da boka za a kafa mana hujja?

Anti Zulai: Kai kam ba ka rasa abin cewa.

Ummi Karatu: Ni ba wannan ya dame ni ba. Matar Makbes ita ta riƙe wasan tun farko, amma mutuwarta a bayan fage aka yi, sai ihun mata aka ji. A jawabin ƙarshe Malkom ya ambace ta da layi biyu, ya ce ana zaton ita ta kashe kanta. Shi kuwa mijin an ba shi takobi da dogon jawabi. Ba wanda zai yi magana a kan wannan?

Bazazzage: Mu koma kan maroƙi. Yaya Jikan, Narambaɗa ba ya karɓar doki a wurin Sarkin Gobir na Isa?

Jikan Sarkin Taushi: Kada ka sa sunan Narambaɗa a bakinka. Kyauta daban, roƙo daban. Sarki ne ke neman makaɗi, don ba shi sunansa ba ya wuce ƙofar gari.

Bazazzage: Kanawa dai ba ku iya karɓar gaskiya ba.

Ɗan Ƙofar Mata: Shi ba Bakano ba ne, ni ne Bakanon, kuma ɓangarena kake. Ka tsaya wuri ɗaya mana.

Bazazzage: To na fasa. Ba na bin bayan Bakano ko a muhawara.

Malam Mai Alli: Ku sani fa ba zaɓi gare su ba. Dokar 1572 ta ce ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin manyan masu sarauta ɗan gararamba ne, ana iya kama shi a yi masa bulala. Kuma ranar 26 ga Disamban 1606 wasan Sarki Liya suka yi a fadar Jemis: tsohon sarki ya haukace, ya ƙare rungume da gawar 'yarsa. Wane maroƙi ne zai kai wa ubangidansa wannan?

Ɗan Ƙofar Mata: Wanda ya san ubangidan yana son haɗe Ingila da Sikotland. Liya raba ƙasa ya yi, ya ga tsiya. Shi ma yabo ne, a nannaɗe.

Ummi Karatu: Na yi tambaya fa.

Sani Baƙin Biro: Ni littafina nake nema. Ɗan Ƙofar Mata, tun kafin azumi ka are shi, mai koren bango, wanda na ɗaure da salatif. Kuma shafuka biyun ƙarshe sun cire tun yana hannuna. To a ina ka karanta ƙarshen da kake ta faɗa a kai?

Anti Zulai: Innalillahi!

Ɗan Ƙofar Mata: Na kalla a YouTube. Kuma wannan ba maganar zaure ba ce.

Bazazzage: 4 ɗin ma malamin ya yi maka adalci.

Jikan Sarkin Taushi: Tunda ni ne shugaban zaure, bari in taƙaita, dare ya yi. Mahawara ta nuna cewa kalmar maroƙi kuskure ce, kuma kusan kowa ya yarda Shekisfiya makaɗin fada ne mai daraja, irin namu na da. Malam Mai Alli ya kawo hujjoji masu gamsarwa a kan haka. An kuma gano mai ƙorafin bai karanta ƙarshen littafin ba. Bazazzage ya janye maganarsa. An rufe.

Bazazzage: Yaushe na janye?

Malam Mai Alli: Ni ma ban ce makaɗin fada ba. Rabin maganata ma ta yaron ce.

Ummi Karatu: Tambayata ko a taƙaitawar ba ta fito ba.

Sani Baƙin Biro: Gobe bayan La'asar ina nan zuwa gidanku. A ajiye mini littafin wurin Inna.